Na Raka Surukina Waƙa Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ba a bar ni na huta ba. A shagona na maganin feshi, a ƙofar masallaci, har wurin mai wankin babur, tambayar ɗaya ce: “Lawali, ya wasan ya kasance? Da gaske Alhaji Mamman ya taka rawa?” Ni kuwa sai in ce lafiya lau, in kawo zancen tsadar taki. To yau zan faɗa a yi ta ta ƙare. Mai dariya ya yi abarsa, ni dai har yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Alhaji Mamman surukina ne, mahaifin matata Saratu. Dillalin hatsi ne, duk wanda ke cin Kasuwar Daji ya san rumfarsa, kuma sahun farko a masallaci ba ya wuce shi. Baba nake ce masa. Tun da ya ba ni ’yarsa ban taɓa sa loma a baki a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya sauka nake yi daga babur in tuɓe takalmi in durƙusa. Shi ma gaisuwarsa gare ni ba ta wuce “Lahiya lau, Allah shi yi albarka.”

Abin da yaran yanzu ba su sani ba, wannan dattijo mai farin gemu ya taɓa zama mawaƙi. A zamanin da jirgin ƙasa ke zuwa Kaura yana kwasar gyaɗa da auduga, akwai wasu samari biyar da ke kiɗa a wani otal kusa da tasha. Samarin Ƙarshen Dogo suke kiran kansu, tunda a garinmu layin dogo ya tuƙe. Kiɗan sol da disko suke yi irin na baƙaƙen Amurka, da jita da ƙaho da gangunan turawa, amma waƙar da Hausa. Baba ne mai murya. Suka hau jirgi har Legas suka buga faifai, wata waƙarsu mai suna “Ki Jira Ni a Tasha” ta haye saman jerin waƙoƙin mako na rediyo ta yi zamanta, wata da watanni ba a ture ta ba. An ce har makaɗan Legas sun riƙa tambaya wai ina ne Kaura. Faifai na biyu bai kai na farko ba, na uku bai fito ba. Jirgi ya daina zuwa, otal ya mutu, kowa ya kama gabansa. Baba ya je hajji ya dawo ya rungumi awon gero, zancen waƙa ya zama abin da ba a ɗagawa a gidansa.

Sai bara wani matashi mai gabatar da shiri a wata rediyo a Maraɗi, Isufu, ya tono faifan a akwatin kakansa ya sa a shirinsa. Shi ke nan fa. Waƙar ta sake hawa saman jerinsu, ta ture na yaran zamani, babu bikin da za a yi ba a sa ta ba. Isufu ya biyo sawu har Kaura yana roƙon a zo a yi wasa ko sau ɗaya. Cikin samari biyar biyu suka rage: Baba, da mai jita, Kawu Garba, wanda ke zaune a Shinkafi. Baba ya ƙi, ya sake ƙi. Abin da ya karya shi saƙon Kawu Garba ne, cewa hannunsa ya fara rawa, in ba bana ba to babu, kuma yana son ya ji muryar Mamman a kan jitarsa kafin yatsunsa su ƙi shi gaba ɗaya.

’Ya’yan Baba maza duk suna kudu wurin nema, rakiya ta faɗo kaina. Saratu ta haɗa mini kaya tana nanatawa: “Ka san shina da hawan jini. Kada ka bar shi ko nan da can, Lawali. Ko nan da can.” Na ce ta kwantar da hankalinta. Da na san inda wannan alkawari zai kai ni, da na rage masa gishiri.

Kawu Garba ya iso daga Shinkafi da sassafe, siriri, baki ba ya rufuwa, rungume da wani dogon abu a cikin buhun taki. Jitar ce ya ƙunshe don kada ’yan unguwarsu su sa shi a baki. Muka shiga mota. Matsala ta farko, kujerar baya: ni da surukina cinya da cinya? Na tsaya ina sosa ƙeya har direba ya fara tsaki, sai Kawu ya shige tsakiya ya raba mu, buhu a kan gwiwa.

A shingen sojoji na shiga Zurmi buhun nan ya kusa ja mana. Kun san hanyarmu, dogon abu a cikin buhu ba abin wasa ba ne. Soja ya ja baya ya gyara riƙon bindiga ya ce kowa ya fito. Kawu ya kwance buhu da hannunsa mai rawa, jita ta leƙo. Sojan ya yi ajiyar zuciya ya ce to a kaɗa ya ji. Nan a bakin titi Kawu ya ɗora ƙafa a kan taya ya kaɗa. Abin mamaki, da yatsun suka hau waya sai rawar ta ragu. Baba kuwa yana can gefe yana duban gonakin mutane kamar bai san mu ba.

A Zurmi aka tara motoci ana jiran rakiyar jami’an tsaro. Baba ya sayi masa da yawa ya ce a ci. Yunwa na cina, amma ina ni ina ci a gabansa? Na ɗebi rabona na zagaya bayan wata babbar mota na tsuguna. Na cika baki ke nan aka busa usur, ayari ya motsa, motar da nake fakewa da ita ta ja gaba. Sai ga ni tsugune a fili, kumatu cike, mai na bin haɓa, Baba na kallona ta taga. Ya kawar da kai da sauri. Na shiga mota da masar a baki, na kasa taunawa na kasa tofarwa, haka na riƙe ta har ta narke.

Daga nan zuwa Gurbin Ɓaure ba mai magana. Kowa ya san dalili, dajin ’yan bindiga ne. Gonaki ga su nan an bar wa ciyawa, wata mata a gaba tana ta jan salati a hankali. Ko Kawu Garba bakinsa ya mutu. Sai da muka hango rufin kwanon Jibiya direba ya ce alhamdu lillahi, aka fara tari da gyaran zama.

A kan iyaka jami’an ƙasarmu ba su tsananta ba. A Ɗan Isa ne wani jandarman Nijar ya karɓi katunanmu yana juyawa, ya tambayi abin da zai kai mu. Kafin in ce ziyara, Kawu ya buga ƙirji ya ce su ne Samarin Ƙarshen Dogo. Mutumin ya dube su sama da ƙasa, ya zaro waya ya danna. Waƙar ce. Ranar na fara jin ta sosai, don a gida in an sa ta tashi nake yi. Murya ce ta saurayi, tana roƙon wata Ladi ta jira shi, tana yabon wuyanta da tafiyarta. Ladi kuwa ita ce Inna, mahaifiyar matata, wadda ko sunanta ban taɓa furtawa ba. Na ƙura wa takalmina ido.

Jandarma ya sara wa Baba, ya kira abokan aikinsa, ya ce don Allah ko baiti ɗaya. Na ga Baba ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki. Sai ya ɗan waiwayo inda nake, ya yi tari, ya ce, “Mura ta kama ni, ɗana. Sai wani jiƙo.” Ni kuwa wawan Allah na ce a raina: mura! Dole in tashi tsaye a kan murar nan.

Isufu ya sauke mu a gidan baffansa, ɗaki guda mu uku. Na ja tabarmata na shimfiɗa a bakin ƙofa ta waje, yadda ko juyi Baba ya yi zan ji. Mutanen Maraɗi akwai karamci, kuma Hausarsu ta fi kusa da tamu a kan ta Kanawa, sai dai su yi ta tsarma maka faransanci. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa sai ya fasa maka dasashi. Ganyen salak kuwa har da safe, na ce wa Isufu mu a Kaura awaki muke ba wannan. Shayi sai an yi zagaye uku a ɗan ƙaramin kofi, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Da rana ta take kuma sai gari ya yi tsit, a rufe shaguna a je a kwanta. Mu da za mu rufe shago da azahar ai sai a zo gaisuwa a ji wa ya rasu.

Washegari aka yi gwaji da yaran da za su riƙe ganga da ƙaho. Na ɗauki jakar maganin Baba na samu kujera dab da shi na zauna. Kiɗa ya tashi, Kawu ya lumshe ido, aka zo gaɓar da murya za ta shiga, shiru. Aka sake. Baba ya motsa leɓe, abin da ya fito bai fi na mai lazimi ba. Yaran suka fara kallon juna. Isufu ya yi murmushin yaƙe ya ce gajiyar hanya ce.

Kawu Garba ya ja ni gefe. “Lawali, ba ka tahiya kasuwa ka gano ma Saratu atamhwa? Ta nan ta hi tamu kyau.”

Na ce, “A’a Kawu, an ce kada in bar Baba.”

“To kilishi hwa? Tahi ka sawo muna. Can nesa aka samun mai kyau, kada ka yi gaugawa.”

Na ba wani mai babur ya sayo. Har ina jin daɗin kaina, wai na yi dabara. Hannunka-mai-sanda duk wanda ake yi Kawu ya yi mini, ban gane ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Abin da na sa gaba shi ne maganin mura: zuma, citta, kanumfari, lemon tsami, na dafa na cika fulas, na manne wa Baba kamar kaska. Duk ya juya sai ya gan ni durƙushe da kofi. Bawan Allah ya yi ta sha, har gumi ke karyo masa, bai ce mini komai ba. Ta yaya zai ce? Da yamma na ji Kawu na ce masa, “Mamman, in gobe ka yi man haka, ka kashe ni da raina.”

Ranar wasa bayan la’asar aka taru a wani fili mai katanga. Jama’a kamar ranar idi: samari, ’yan mata, da tsofaffin da suka yi rawar waƙar a zamaninta, wasu har da sanda. Isufu, don ya girmama ni, ya zaunar da ni a kujerar gaba, tsakiya, daidai saitin makirfo. Bai tsaya nan ba, ya sanar a lasifika cewa ga surukin Mamman ya zo tun daga Kaura. Aka tafa mini, na miƙe na ɗaga hannu. Wallahi na ɗaga hannu.

Sai ga Baba ya fito. Tela ya ɗinka masa riga mai ƙyalli da wando mai faɗin ƙafa irin na da, kansa babu hula. Ban taɓa ganin tsakiyar kan surukina ba sai ranar. Fili ya ɗauki ihu. Ganga ta shiga, ƙaho ya biyo, jitar Kawu ta ɗauko waƙar, mutane suka fara rausaya. Aka zo gaɓar. Baba ya kama makirfo, ya dubi gabansa, abin da ke gabansa kuwa ni ne. Bai ce uffan ba.

Makaɗa suka zagayo suka sake kawo masa gaɓar. Shiru. Ihu ya koma gunaguni. Wani daga baya ya ce, “Tsoho ya mance!” aka yi dariya. Wayoyi duk suna sama ana ɗauka. Na ga hannun Kawu ya fara rawa a kan jita, wannan karon wayar ba ta tsayar da shi ba. Tausayin Baba ya kama ni, na ce murar nan ta ci amanarmu. Sai na tashi, a gaban dubban idanu, na tsiyaya ruwan zuma a kofi, na taka har bakin dandamali na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu.

Baba ya juya mini baya.

Kawu Garba ya tsayar da kiɗa. Ya sunkuyo kaina, a zatonsa raɗa zai yi, ya manta akwai makirfo a gaban jitarsa. Abin da ya faɗa har bayan fili an ji:

“Kai Lawali, don girman Allah hita! Babu murar komi! Wane mutum ka kiran sunan matatai da waƙa, shina karkaɗa ƙugu, gaban mijin ɗiyatai? Kwana nawa ina korarka ba ka ji!”

Filin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, sannan ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake ji. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba dariyar ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne, ni da nake taƙama da kunyar suruki, ni da ko masa ba na ci a gabansa, ban taɓa kawowa a raina shi ma yana jin tawa ba. Na tsare dattijo da ladabina har na sa aka ce masa ya mance waƙarsa a bainar jama’a.

Na juya da kofi a hannu da fulas a hammata. Ƙofar fita kuwa tana can ƙarshen fili. Jama’a suka dare mini hanya, wasu na dafa kafaɗata, wani yaro na bina da waya. Wata tsohuwa ta ce da ƙarfi, “Gaskiya na, ɗana, hita. Mu ma haka munka gada.” Tafiyar nan ta fi mini ta Zurmi zuwa Jibiya tsawo.

A waje, jikin katanga, wata mata na suyar awara. Ta dube ni ta dubi fulas ta ce, “Au, kai na surukin?” Ashe har nan lasifika ta kai. Ta jawo kujerar tsuguno ta ajiye mini, ta juya ta yadda zan ba ƙofa baya. Na zauna na sa kai tsakanin gwiwoyi.

Ganga ta sake tashi. Jita ta shigo, da ɗan tangaɗi da farko, sannan ta miƙe. Aka zo gaɓar, na riƙe numfashi. Sai murya ta fito.

Ba muryar saurayin faifai ba ce. Ta yi kauri, tana da ɗan tsatsa, a sama tana karyewa kaɗan. Amma da ya kira sunan nan ya ja shi, sai da tsigar jikina ta tashi. Fili gaba ɗaya ya amsa masa. Mai awara ta bar awararta na ƙonewa tana rausaya da matsami a hannu. Ya yi waƙar har ƙarshe, suka ce a sake, ya sake. Ya shiga wasu waƙoƙin da ban taɓa sanin akwai su ba, jitar Kawu na bin sa ba ta kuskure ba. Ina jin ƙasa na amsa takun mutane ta cikin katanga. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, rabi na daɗi rabi na haushin kaina. Ko ya taka rawa ko bai taka ba, ku da kuka gani a waya ku kuka sani. An turo mini bidiyon ya fi a ƙirga, ban buɗe ba. Abin da mutum ya tsaya a gaban duniya ya kasa yi don kada in gani, ba zan bi ta bayan gida in leƙa ba.

Gab da magariba suka fito. Baba ya riga ya zura babbar rigarsa a kan mai ƙyallin, hula ta koma mazauninta. Kawu Garba na rungume da jita babu buhu, yana dariya yana share ido. Na durƙusa can nesa. Baba bai dube ni ba, Kawu ya yi wa magana.

“Garba, tambayi yaron ga ko muryar ta kai waje.”

Na ce da ƙasa, “Ta kai, Baba. Har bakin titi.”

Ya gyara hannun riga. Can ya ce, “To ce mai in mun koma shi za ya gaya ma Innarsu. Ni ba ni iyawa.”

Har yau ban sani ba ko horo ne ko yafiya. Da muka dawo Kaura na yi ta kewaye-kewaye kafin in iya zuwa. Na durƙusa a bakin ƙofar Inna, labule a tsakaninmu. Na gaishe ta, na sake gaishe ta, na tambayi awaki, na tambayi ƙafarta. Da gaisuwa ta ƙare mini na ce, “Baba ya ce a gaya maki an yi wasa lahiya. Ya yi waƙar.”

“Wace?”

Gumi ya keto mini. “Ta tasha, Inna.”

Na ji ƙarar munduwa kamar tana goge fuska. Sannan ta ce, “Daga bakinai ka ji?”

“Ta bayan katanga dai.”

“To ka hi ni, Lawali. Ni da anka yi ta domina, ban taɓa jin ta ba sai ga rediyo.”

Ta turo kwanon fura ta ƙarƙashin labule ta ce in kai wa yara.